Kura shida a rajista, kason nama bakwai

'Yar Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a yi min kara. Labarin da nake son fara saki bayan Sallah a gidan namun daji zai gudana, nan cikin Kano. Ba gidan zu ɗinmu na gaske ba, nawa ne na ƙirƙira, na raɗa masa Gandun Tsamiya, na dasa shi a bayan badala ta wajen Ƙofar Waika. Ga yadda na tsara: shekara talatin da suka wuce zaki ya kashe wani ma'aikaci, aka binne maganar. Tun daga nan, sha biyun dare na bugawa sai fatalwarsa ta fito cikin likkafani tana bi tana zare wa dabbobi sakata. Wata sabuwar akanta da aka turo gidan ita za ta tono asirin. Na rubuta shafi tara, amma ni kaina da na karanta ko gezau ban yi ba. Ƙanwata da ke ihu in ta ga kyankyaso ma dariya ta yi. Ina matsalar take?

Ɗan Sheka: Wa'alaikumus salam. Anti ai kin makara. Wane abin al'ajabi za ki ƙirƙiro da ya wuce na 2019, da aka wayi gari ana cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano, cinikin Sallah guda?

Maman Hanif: Kai Ɗan Sheka, ka tuna min! Har sai da gwamnan lokacin, Ganduje, ya fito da bakinsa ya ce babu ma goggon biri a gidan. Ranar na san ma'anar biri ya yi kama da mutum.

Admin: Jama'a a tsaya a kan tambayar baiwar Allah. Waccan magana ta je hannun 'yan sanda tun lokacin, ba mu za mu yi shari'arta a nan ba. Gandun Tsamiya ake magana.

Ustaz: Malama, matsalar a gindin labarin take. Wanda ya mutu ya tafi barzahu, ba ya dawowa zare sakata. Ki duba Suratul Mu'uminun, aya ta 99 da ta 100, mutum ne yake roƙon a mayar da shi duniya aka ce masa a'a. Mai karatunki Bakano tun yana riƙe da allo ya san wannan, shi ya sa zuciyarsa ta ƙi karɓa. Aljani kuwa ba sai kin sha wahalar gamsar da kowa ba, sura guda ce sukutum da sunansu.

'Yar Fagge: Allah ya gafarta Malam, amma ai kalmar fatalwa tamu ce, ba aro muka yi ba. Kakata har ta rasu tana rantsuwa ta ga fatalwa a hanyar Dala.

Ɗalibin Hausa: Kalmar tamu ce Anti, kayan da kika sa mata ne na aro. Likkafani fari tas, sha biyun dare, ƙofa na ƙara ita kaɗai, duk daga finafinan waje muka kwaso. Kakanninmu wane agogo suke dubawa? Lokutan da Bahaushe yake tsoro biyu ne: magariba, da rana tsaka. Ki tuna abin da ake hana mu muna yara. Kada ka zauna a dokin ƙofa da magariba. Kada ka watsa ruwan zafi ba bisimilla. Kada ka bi ta juji ko kango rana tana tsakar ka. In guguwa ta taso ka kauce mata, ba iska ce kaɗai ba. Ko sunansu ma ba a son kamawa, sai a ce mutanen ɓoye. Wannan shi ne tsoron da muka sha a nono, shi kika tsallake.

Baba na Gwale: Salamu alaikum. Jikata ce take karanta min, ni idona ya gaji da ƙananan rubutu, amma wannan na ce sai na sa baki. 'Yata, kin raɗa wa wuri Gandun Tsamiya, sannan kika manta da tsamiyar kika bi likkafani.

Lokacin da Audu Bako ya gina gidan zu a farkon shekarun 1970 ina ɗan firamare. Wajen nan bayan gari ne. Ka fita Ƙofar Ɗan Agundi ka miƙa, gonaki ne da ɗorawa da giginya, sai ɗan gida nan ɗan gida can. A cikin birni kuma kowace unguwa da kududdufinta, kowane kududdufi da labarinsa. Namu akwai wata tsamiya a bakinsa, wadda ko almajiri mai jin yunwa ba ya jifan 'ya'yanta. Wata rana na dawo gida da aljihu cike da tsamiya, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta tambayi inda na samo. Da na faɗa, ba ta dake ni ba. Mayafinta ta ɗauka ta riƙe hannuna har gindin bishiyar, ta sa na zazzage, ta yi sallama kamar mai shiga gidan mutane, ta ce yaro ne bai sani ba. Wallahi da duka ta yi min da tuni na manta.

Yau wajen nan shaguna ne. An cike kududdufin da shara an aza bulo, tsamiyar ta zama itacen girki. Haka aka yi wa gari kaf. To ni tambayata: su da ake cewa suna zaune a wuraren nan, ina suka koma? In gari ya cinye daji, ya rage fili guda ɗaya mai katanga da manyan bishiyoyi da duhuwa, inda ba mai kwana sai dabba da maigadi, ke a ganinki ina za su nufa?

'Yar Fagge: Innalillahi. Baba tsigar jikina ta tashi. Wato ba wani ne ya mutu a gidan ba, 'yan gudun hijira ne suka cika shi.

Maman Hanif: Ni fa ina zaune ni kaɗai a falo, a riƙa sassautawa.

Ɗalibin Hausa: Baba ya buɗe ƙofa, bari in shiga. Anti, Kano ta san bishiya mai katanga tun kafin a san keji. Tarihin garin nan da haka ya fara: Barbushe shugaban matsafa a kan Dala, abin bautarsu Tsumburbura a cikin bishiya an kewaye ta da gini, ba mai shiga sai shi, jama'a na kawo baƙin bunsuru da baƙar kaza su tsaya daga waje. Ga kurmin Jakara mai baƙin ruwa. Har zuwa zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da zuwan Al-Maghili, aka sare bishiyar tsafi aka gina masallaci a gurbinta. Yanzu ki ajiye wannan gefe, ki dubi gidan namun daji: katanga, abu mai haɗari a ciki, mutum ɗaya mai mukulli da ke shiga da nama, sauran jama'a suna leƙe daga waje. Ba ki ga kamar ba? Maigadinki ki ba shi gadon wannan aiki ba tare da shi kansa ya san me ya gada ba.

Ustaz: A dai yi hattara. Tarihi ne, kuma an faɗe shi ne don a nuna yadda aka rushe abin, ba don a yi kewarsa ba.

Likita: Sannunku. Sai yanzu na taso daga aiki, na tarar da saƙo saba'in da wani abu. Ni aikina dabbobi, don haka bari in ɓata muku wasa kaɗan, sannan ƙanwata ta zaɓi abin da za ta ɗauka.

Idanun da maigadi ke gani suna ci kamar garwashi in ya haska tocila, wani faifai ne mai kama da madubi a bayan idon dabba, yana mayar da haske don ta gani a duhu. Mage na da shi, kura na da shi, kada ma haka. Kukan mace da ake ji cikin dare, ki fara tuhumar ɗawisu, musamman lokacin barbara, sai mujiya. Namijin jimina yana kumbura wuya ya yi wani gurnani da ko mafarauci zai iya ɗauka zaki ne daga nesa. Zakin kansa in ya yi ruri cikin dare ana iya jin sa daga nisan kilomita 8. Dariyar kura kuwa ba daɗi take ji ba, yawanci tsoro ne ko rigimar abinci, wadda aka fi ƙarfi ce ke yin ta. Wanda kuma ya ce an danne shi a ɗakin gadi ya kasa motsi, dannau ne, ƙwaƙwalwa ce ta farka jiki bai farka ba, kuma rashin barci a kan lokaci na jawo shi. Wa ya kai maigadi rashin barci?

Ɗan Sheka: Likita maganar ruri gaskiya ce, mu maƙwabta ne. In gari ya yi shiru wajen asuba, ba janareto, kana kwance kake jin sa a ƙirjinka kafin kunnenka. Amma bari in ba Anti abin da ta fi bukata. Watan Oktoba na 2019 da zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan zu, wallahi daren nan unguwarmu ko mai shayi bai fito ba. Kafin sha ɗaya an gan shi a Sheka, an gan shi a Gandun Albasa, wani ya turo saƙon murya yana haki wai ga shi a Gyaɗi-Gyaɗi yana shan ruwan kwata. Maƙwabcina ya jingina babur da buhun gawayi a bayan ƙofa, ya yi Isha a ɗaki, mutumin da ko ruwa ake da ƙanƙara sai ya je masallaci. Ƙarshenta zakin nan ko katangar gidan bai tsallaka ba, yana ciki yana harkarsa da awaki. Zaki ɗaya, amma a bakin mutanen Kano ya kai goma. Ki sa wannan a labarinki. Unguwar da ke kewaye da gandun ita ce rabin tsoron.

Hajiya Mai Atamfa: Assalamu alaikum, akwai sababbin atamfofi da leshi na Sallah, mai so ta yi min magana ta gefe.

Admin: Hajiya ranar Juma'a ce ranar talla. Na goge hotunan.

Ɗan Maigadi: Likita na yarda da ke kashi tara cikin goma. Babana ya yi shekara sha tara yana gadin dare a wata masana'anta a Sharaɗa. Farkon zuwansa kullum wajen ƙarfe uku sai ya ji mace tana kuka a bayan katanga, kuka mai yanka zuciya. Ya yi wata biyu yana tofe kusurwa huɗu da Ayatul Kursiyyu, har ya fara neman canjin aiki. Ashe wani Alhaji ne a bayan yake kiwon ɗawisu. Har yau in ya tuna sai ya yi dariya har da hawaye.

Amma akwai ɗaya da ba ya dariya a kai. Butarsa. Yakan yi alwala ya ƙarar da ruwan, ya ajiye ta a gindin wata kuka da masu masana'antar suka gina katanga suka bar ta a ciki. In ya tashi na asuba sai ya tarar da ita cike, ruwan da sanyi kamar daga randa. Shi kaɗai ne a wajen, famfon kuma yana can ciki an kulle. Shekara da shekaru. Ranar da aka sare kukar don a faɗaɗa sito, abin ya tsaya. Na tambaye shi ko ya ji tsoro, ya ce tsoron me, wanda ya cika maka buta don ka yi sallah? Abin da ya ce ya dame shi, bai taɓa cewa na gode ba.

Likita: Zan iya cewa abokin aiki ne, ko shi da kansa cikin magagin barci. Amma ba zan ƙaryata dattijo ba. Allah ya ƙara masa lafiya.

Baba na Gwale: Yauwa ɗana, ka taimake ni. 'Yata kada ki mayar da su miyagu duka. Maƙwabta ne. A cikinsu akwai musulmi akwai wanda ba musulmi ba, akwai mai haƙuri akwai ɗan neman rigima, kamar dai layinku. Labarin da aljani ke fitowa da farce zaƙo-zaƙo yana neman jini, yara yake tsoratawa. Babba abin da ke hana shi barci shi ne ya gane ya shekara ashirin yana taka tabarmar wani.

Ustaz: Wannan Baba ya yi daidai, aya ta 11 a Suratul Jinni da bakinsu suka faɗa, a cikinmu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba. Kuma Suratul A'araf aya ta 27 ta ce suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. A Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Sa'id a kan macizan gida a Madina, aka ce a yi musu gargaɗi kwana uku kafin a kashe. Malama ga kayan aiki nan jibge, halal ɗinki.

'Yar Fagge: Na gode ƙwarai. To amma akantata fa? Ita da lissafi aka turo ta. Me za ta gani a takarda da zai kai ta gindin tsamiya? Ba na son ta ga aljani ido da ido a shafi na biyu.

Likita: Tunda lissafi ne, bari in ba ki fatalwa ɗaya tilo da na taɓa gani da idona. Ina bautar ƙasa a wata jiha, ba nan ba, aka tura ni wani wajen ajiye dabbobi. Rajistar sito ta ce kura huɗu, kowace da kasonta na nama kullum, an sa hannu an buga hatimi. Na je na ƙirga, uku. Na sake ƙirgawa washegari, uku. Da na matsa, wani ya ja ni gefe ya ce ta huɗun ta mutu shekara biyu da suka wuce, amma har yau tana cin abinci. Ragowar ukun kana ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin waya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na rubuta rahoto, aka mayar da ni ofis ina jera fayil har na gama.

'Yar Fagge: Tsaya Likita, tsaya! To in aka juya fa? A Gandun Tsamiya rajista ta ce kura shida, kuma shidan ne a keji, amma tun ranar da aka buɗe gidan kason nama bakwai ake fitarwa. Akanta ta ce ta kama ɓarawo. Ta laɓe ta bi tsohon da ke tura baro, tana jiran ta ga ya fita da naman ta ƙofar baya. Sai ta ga ya kai gindin tsamiya ya juye, ya juya bai waiwaya ba. Da safe ba nama, ba ƙashi, ba sawu. Ita kuma ta soke kaso na bakwai da jan biro, don an ce ta rage kashe kuɗi.

Maman Hanif: Wayyo, kada ta soke!

Ɗan Sheka: Ta soke mana, in ba ta soke ba ina labari? Anti wannan ya ci uban likkafani.

Ustaz: A nan zan tsaya da ƙafata. Ajiye nama a gindin bishiya don a zauna lafiya da aljanu, ko a yanka musu, shirka ce, ba ta da wani suna. In labarin ya nuna an daina bayarwa bala'i ya sauka, aka koma bayarwa aka samu lafiya, to kin koya wa mutum dubu cewa abin yana aiki. Matan da ke karanta ki a waya wasunsu gobe wani zai ce su kawo baƙar kaza.

Ɗalibin Hausa: Malam da girmanka, labari ba wa'azi ba ne. Abin nan yana cikin al'adarmu ko mun so ko mun ƙi. 'Yan bori suna da birnin iskoki sukutum, Jangare, da gidajensa goma sha biyu da sarkinsa. A cikinsu akwai Kure, iskan kura, wanda in ya hau dokinsa sai ka ga mutum ya koma tafiya da gurnani irin na kura. Ga gardawa masu yawo da kura da takunkumi a kasuwanni. Ga tsohon zancen mutanen da ke rikiɗa su zama kura da dare. Marubuciya ta rufe ido ta ce babu?

Ustaz: Ban ce babu ba. Giya ma akwai ta a gari. Cewa na yi kada a zuba ta a kofi mai kyau a miƙa wa mutane.

Ɗalibin Hausa: To ai da wannan ma'aunin ko tarihin Barbushe sai a daina koyarwa.

Maman Hanif: Ku bar ganin abin wasa ne. Ni ina makarantar kwana a tsakiyar shekarun 1990 lokacin da ake ta zancen Sumbuka, 'yan mata na faɗuwa a aji ɗaya bayan ɗaya, ana kiran masu ruƙiyya. Ko mene ne gaskiyar abin, na ga yadda zance kaɗai ke kayar da yarinya lafiyayya. Ina bayan Malam a nan, a san yadda za a rubuta.

Admin: Ɗalibi da Ustaz, kowa ya faɗi nasa. Ba a zo raba gardamar bori ba. A ba ta mafita ko a yi shiru.

Ustaz: To ga mafita, kuma ina ganin za ta fi ba da tsoro. Suratul Jinni aya ta 6: wasu mazaje daga mutane sun kasance suna neman tsari da wasu mazaje daga aljanu, sai suka ƙara musu wahala. Ki gina labarin a kan wannan. Kason ba ya tsayawa a bakwai. Wanda ya fara bayarwa don tsoro ya bayar, su kuma da suka ga ana tsoronsu suka ƙara kuɗin haya. Bakwai ta zama takwas, takwas ta zama tara. Daga ina ake cike giɓin? Daga bakin dabbobin da ke keji. Kin ga wanda ya fara ajiye naman bai sayi zaman lafiya ba, bashi ya ɗauko wa na bayansa. Wani abu kuma: ya tabbata a hadisi cewa ƙashi abincin 'yan'uwanmu aljanu ne, shi ya sa aka hana yin tsarki da shi. Don haka rashin ganin ƙashi da safe ya zauna daram.

Likita: Malam ka ba ni dariya, don ni ma ƙashin zan kama. Duk cikin namun dajinmu ba mai tauna ƙashi kamar kura. Muƙamuƙinta na fasa ƙashin cinyar sa, cikinta ya narkar da shi, shi ya sa kashinta in ya bushe yake fari fat kamar alli. A zama ɗaya tana iya tashi da kilo 14. Ke nan in akanta ta ga ba ƙashi, ba ta da hujjar cewa aljani ne, ba ta da hujjar cewa ba shi ba ne. Ƙanwata ki bar ta a tsakiya. Ta tarar da farin kashi a gindin tsamiya, a wajen keji, alhali shidan suna kulle. Sawun kura kuma ki sani: na gaba ya fi na baya girma, kuma farce na fitowa a ƙasa, ba kamar na zaki da ke ɓoye nasa ba.

Ɗalibin Hausa: Na sauke hula. Malam da Likita sun haɗu a kan ƙashi ɗaya.

Ustaz: Ka mayar da hularka, sanyi ake.

Likita: Abu ɗaya nake roƙo. Kada dabbobin su zama kayan ado a labarin. Wanda ya taɓa tsayawa gaban keji ya ga kura tana kai-komo a layi ɗaya, taku bakwai ta juya, taku bakwai ta juya, har ƙafarta ta haƙa hanya a siminti, ya san ba sai an kira aljani ba. Ƙunci ne ke sa su haka, dabbar da a daji take cin kilomitoci a dare guda. Ranar Sallah kuma yara dubbai, wannan ya jefa mata dutse don ta tashi, wancan ya miƙa wa biri leda.

Ustaz: Mace ta shiga wuta a kan mage da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. In akantar tana neman abin tsoro na haƙiƙa, ga shi nan a kan teburinta.

Baba na Gwale: Kuma ai an taɓa maganar a kwashe gidan zu na gaske a mayar Tiga, saboda gari ya kewaye shi. A naki labarin ki sa an zo da takardar sayar da filin a yanka shi fuloti. Dabba a sa ta a mota. Sauran fa, wace mota za su hau?

'Yar Fagge: Na yaga shafi taran nan. Ga abin da na rubuta yanzu kuna magana, a duba min:

"Ranar Talata, rana tsaka, Gandun Tsamiya ya yi tsit kamar injin niƙa da aka ɗauke wa wuta. Akanta ta buɗe rajistar sito a kan cinyarta. Kura: shida. Kaso: tara. Ta juya baya, shekara huɗu da suka wuce takwas ne. Ta yi ta juyawa har takarda ta koma ruwan ƙasa, rubutu ya koma na alƙalamin tawada, can ta tarar da bakwai. Tsohon da ke tura baro ya tsaya a bakin ƙofa, ƙudaje na bin sa, bai yi sallama ba. Ta ce, 'Baba, ukun nan na wane ne?' Ya dubi baron. Ya dubi inuwar tsamiya da ta miƙo har dokin ƙofa, alhali rana tana tsakar ka. Ya ce, 'Hajiya a sa hannu dai, nama ba ya jira.'"

Maman Hanif: Shi ke nan, na kunna fitilar tsakar gida. Inuwar nan ce ta gama da ni.

Baba na Gwale: Ya yi, 'yata. Sai dai tsoho Bakano ba ya tsayawa a ƙofar mutum ba sallama, ko da kuwa shi ne Sarkin Fawa. Gyara wannan.

'Yar Fagge: Da gangan na yi, Baba.

Baba na Gwale: Au. To. Allah ya shirye ki. Kada ki faɗa wa kowa dalili sai shafin ƙarshe.

Likita: Gyara ɗaya daga gare ni. Da safe ake kawo nama daga kwata, kura kuma da yamma ta fi son ci. In tsohon na tura baro da rana tsaka, akantar da ta yi sati a gidan ya kamata ta lura cewa ba lokacin ciyarwa ba ne.

'Yar Fagge: Ai kuwa kin ƙara min layi guda. Cajina saura kashi 4, an ɗauke wuta tun la'asar. Ɗan Maigadi don Allah ka tambayar min Baba, butar roba ce ko ta ƙarfe, kuma a wane gefen kukar yake ajiye ta?

Ɗan Maigadi: Ta ƙarfe ce, tana nan a ɗakinsa har yanzu, ba ya bari a taɓa. Gefen kuma sai na je Ɗorayi gobe na tambaye shi, in ya yarda ya yi zancen.